Tohon Kwakwan da Na Kwance a Hanyar Loko

Kun girma kuna jin ana cewa Mama Chinedu ba ta da godiya. Na sha jin kuna faɗa a tsakar gida, wai matar da ubanku ya ɗauki gawar mijinta zuwa ƙasarsu, ta dawo Kafanchan tana wuce shi a ƙofar coci kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Ni kuwa ina zaune a kujerata ina ji, ban taɓa buɗe baki na gyara muku ba, don maganar tana yi mini daɗi. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara ƙi, matar nan kuma ta riga mu tafiya wurin Ubangiji, ba zan bar ku da ƙaryar nan a baki ba. Ku karanta a hankali, kada kuma wani ya zo yana ce mini "Baba ai ya wuce". Ni na san abin da ya wuce da abin da bai wuce ba.

Baba Chinedu makanikin reluwe ne, mutumin gabas, ya yi shekara talatin da ɗoriya a Kafanchan. Ni na sauko daga Fadan Kaje ban san komai ba sai fartanya, shi ya koya mini yadda ake sauraren inji, shi ya tsaya har na sami lasisi. Lokacin hargitsin tamanin da bakwai, uwarku Rifkatu tana da cikin Iliya, a gidansa na kwatas ɗin reluwe ta yi kwana tara, matarsa tana dafa mata abinci. Shekara biyu bayan haka ciwo ya kwantar da shi. Na je duba shi wata ranar Lahadi bayan sujada, ya kama wuyan hannuna da yatsun nan nasa masu kaushi.

"Bulus, idan na mutu kada a sa ni cikin jirgin ƙasa. Na gaji da shi. Kai za ka kai ni ƙofar babana da motarka."

"Haba Oga, wace irin magana ce wannan? Za ka tashi."

"Ni ba tambaya ka ko zan tashi ba. Za ka kai ni?"

Na ce zan kai shi. Ranar Laraba ya cika.

A lokacin ina da a-kori-kura, Fijo mai buɗaɗɗen baya, da ita nake jigilar citta daga Kachia da Kwoi. Aka aika wa danginsa saƙo ta wayar reluwe cewa a haƙa kabari, Asabar za a binne. Mai kula da ɗakin ajiye gawa ya ja ni gefe ya ce allurar da ya yi ba za ta wuce kwana uku ba, ga wutar lantarki kullum a ɗauke, in ina da hankali kada in bar akwatin ya wuni a rana. To, hanyar da kowa ya sani ita ce Gidan Waya, Akwanga, Lafiya, a hau gadar Makurɗi, a sauka Otukpo. Amma ranar Alhamis da na shiga tasha neman labarin hanya, duk direban da ya fito daga can fuskarsa a yamutse take. Ana gyaran hannu ɗaya na gadar, tirela kuma ta mutu a kan ɗaya hannun, layin motoci ya miƙe har ba a ganin ƙarshensa. Wani ya ce kwana biyu ya yi a bakin gada kafin ya haye. Na tsaya ina lissafin kwana biyu a cikin zafin Makurɗi da Baba Chinedu a bayan mota. Akwai wata hanyar, ta Kagarko a faɗa Abuja a bi Lokoja, amma wannan doguwa ce, ga gada biyu a kanta, ta biyun ma ita ce ta Anacha wadda ko ranar da take lafiya sai ka yi addu'a. Ina cikin wannan sai Dogo, wani direba mai bakin tsiya da muke lodi tare, ya ce in bi ta Keffi da Nasarawa in sauka Loko, akwai jirgin fito da ke ɗaukar motoci ya haye da su Binuwai.

"Amma fa ka ji," in ji shi, "mutanen ruwa ba sa ɗaukar gawa. Suna ganin ganyen nan na Inyamurai a jikin mota, za su ce ka juya."

"Ka taɓa gani da idonka?"

"Sai na gani? Kowa ya sani."

Ban tambayi kowa ba bayan Dogo. Wannan shi ne wautata ta farko, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Ganyen da yake nufi tohon kwakwa ne. Mutanen gabas ba sa tafiya da gawa sai sun ɗaure shi a gaban mota da bayanta, don duk wanda ya gani ya san mai gida ne ke komawa gida, ya ba da hanya, ya cire hula in yana da ita. Da yamma dattawansu suka zo suka ɗaura da hannunsu. Ni kuma, da suka tafi, na jawo buhu shida na busasshiyar citta daga ɗakin ajiya na jingine su kusa da mota. Uwarku tana tankaɗe a ƙofar kicin, ta ɗago kai.

"Baban Iliya, me citta za ta yi a wurin jana'iza?"

"Saboda wari ne. Hanya da nisa."

"Wari? Buhu shida?"

"Ke dai ki yi tankaɗenki."

Ta dube ni irin kallon nan nata da kuka sani, ta ce Allah ya sa ba wata dabarar tasha nake shirin yi da gawar mutum ba. Na daka mata tsawa, don ta faɗi gaskiya.

Gari na wayewa ranar Juma'a muka ɗauko akwatin, na jera buhunan a gefe da gefe, na ja tampol na rufe. Mu uku a gaba: ni, Mama Chinedu a tsakiya, sai babban ɗansu Chinedu, malamin makaranta ne a lokacin, a bakin ƙofa. Mama ba ta sa baƙaƙen kaya ba, don a al'adarsu sai an binne ake shiga takaba, zane ne kawai na gida da ɗankwali. Na gaya musu za mu bi ta Loko saboda cunkoson gada, suka ce ni na san hanya. Ban gaya musu maganar Dogo ba. Muka wuce Kwoi rana ba ta yi zafi ba, muka ratsa Keffi, muka shiga Nasarawa, daga nan kwalta ta ƙare. Ƙarshen damina ne, hanyar duk ta zama taɓo da ramuka, motar tana rawa, ni kuma ina jin akwatin yana gurzar ƙarfe a bayana. Duk ƙauyen da muka ratsa, mutane suna hango ganyen sai su ja gefe, wata tsohuwa ma ta sauke tulunta ta tsaya. A kowace ƙaramar gada Mama takan juya ta ƙwanƙwasa gilashin baya, ta yi wa mijinta magana da yarensu. Na tambayi Chinedu me take cewa, ya ce tana gaya masa ne za a haye ruwa, kada ya tsorata, ya biyo mu.

Saura kamar mil biyu mu isa Loko na tsaya a gindin wata ɗorawa na ce su sauka su miƙe ƙafa, ni zan duba ruwan inji. Suka shiga bayan ciyawa. Na buɗe bonet don ya kare ni, na kwance tohon kwakwan na gaba, na zaga na kwance na baya, na cusa su ƙarƙashin kujerata. Na ɗaga buhu biyu na ɗora a bakin akwatin yadda duk wanda ya leƙa citta zai gani. Na mayar da tampol na ɗaure igiyarsa da sauri. Suka dawo suka shiga ta gefe, ba wanda ya lura.

Ku da kuka tashi kuna ganin ruwan da ke zubowa daga dutsen Matsirga kuna cewa ruwa, ba ku ga ruwa ba. Ni ɗan tudu ne, ban iya iyo ba, rafin da ya fi ƙarfina a garinmu iyakarsa ƙugu. Da muka gangaro bakin Binuwai na ɗauka wani abu ne ya sami idona, don ɗaya gaɓar kamar zare take can nesa. Ruwan ja wur, yana tafe da itatuwa ɗungurungum da saiwoyinsu, ba ya ƙara, sai wani irin gurnani ƙasa-ƙasa da kake ji a tafin ƙafa. Jirgin fiton kuwa wani faffaɗan faranti ne na ƙarfe, duk tsatsa, da ɗan ƙaramin jirgi mai inji ɗaure a gefensa yana tura shi. An riga an ɗora babbar mota cike da doya, da bas ɗaya, da mata 'yan kasuwa da kwandunansu da awaki. Mai karɓar motoci ya zo da ɗan littafinsa, na yi sauri na tare shi nesa da su Mama.

"Direba, me ka ɗauko?"

"Citta ce."

Ya ɗaga gefen tampol, ƙamshi ya buge shi, ya yi atishawa, ya ce in hau. Shi ke nan. Na ji daɗi a lokacin, ina gaya muku, har na ce a raina Bulus kai ɗan duniya ne.

Aka tokare tayoyi da katako, aka ce kowa ya fito daga mota. Mama ta tsaya riƙe da ƙarfen bayan a-kori-kura, leɓenta yana motsi. Muka rabu da gaɓa. Tun ina ganin fuskokin masu sayar da kifi a bakin ruwa har suka koma ɗigo-ɗigo. Mun kai kusan tsakiya, inda ruwan ya fi gudu, sai injin ya yi tari. Ni makanike ya rene ni, na san tarin da inji ke yi ya wartsake, na san wanda ba ya dawowa. Ya sake yi sau biyu, ya yi shiru. Shirun nan, 'ya'yana, ban taɓa jin abu mai ban tsoro kamarsa ba. Farantin ya fara juyawa a hankali, gabansa ya koma inda gefensa yake, ruwa ya ɗauke mu ya yi yamma da mu. Wani ƙaton kututture ya zo ya daki ƙarfen, duk muka tangaɗa, motar doya ta yi baya ta hau kan katakon da ya tokare ta, ta tsaya tana lilo. In ta gangaro, gefen nan zai nutse, kuma kowa ya ga haka. Mata suka sa kururuwa, wannan na kiran Yesu, wannan na salati, awaki na kuka. Ni kuwa na durƙusa na rungume tayar motata, fitsari yana neman kuɓuce mini. Abin da ke kaina kawai shi ne Iliya bai cika shekara uku ba.

Shugaban masu fiton wani tsoho ne siriri, da furfura a gemu, tun da muka taso yana zaune a kan wani gwangwani. Sai ya miƙe. Bai dubi injin ba, mu ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga murya da Hausa don kowa ya ji.

"Akwai wanda ya hau da abin da bai faɗa ba. Wa ke da gawa a jirgin nan?"

Mai littafin ya fara nuna motoci yana lissafawa, wannan doya, wannan fasinja, wannan kuma citta. Ya nuna tawa. Na sunkuyar da kai. Ina fata ƙasa ta tsage, to ina ƙasar take?

Mama Chinedu ta saki ƙarfen da take riƙe da shi. Ta zaga gaban mota ta duba, ta dawo baya ta duba. Sannan ta dube ni.

"Bulus, ina ganye?"

Ta matso kusa da ni, ta sake tambaya.

"Kai ka ce menene a ciki?"

Ta juya wajen tsohon, ta buga ƙirjinta, da Hausarta ta kasuwar Kafanchan ta ce:

"Baba, ba citta ba ne. Mijina ne. Mijina ne a ciki, muna kai shi gida."

Abin da ya biyo baya ban so in tuna shi. Mutanen da tsoro ya kama ba su da kunne. Wani ya ce a jefa akwatin a ruwa, nan take bakuna goma suka ɗauka. Maza huɗu ko biyar suka yo kan motar, suka fizge tampol, suka fara watsar da buhunan. Chinedu ya tare su, wani ya ture shi ya faɗi, bakinsa ya fashe. Na ga hannun mutane a kan akwatin Baba Chinedu, sun ja shi har ƙarshensa ya leƙo waje. Ni da na yi alkawari, ni da na jawo abin, ina nan durƙushe rungume da taya. Ban tashi ba. Ku rubuta wannan a ranku, ubanku bai tashi ba. Matar nan ce, mai shekara kusan sittin, ta kama ƙarfe ta haye bayan motar, ta kwanta rub da ciki a kan akwatin, ta rungume shi hannu biyu, ta ce sai dai a jefa su tare.

Tsohon ya ratso mutane da sandar gora a hannu, ya maka wa na gaba a dantse.

"Ku sake shi! Mahaukatan banza, wa ya ce muku ana ba ruwa gawar mutane?"

Suka ja baya. Ya tsaya a kaina, ya ce in tashi. Na tashi da ƙyar.

"Kai ne direban? Don me ka ɓoye?"

"Baba, an ce mini ba kwa ɗaukar gawa."

"Wa ya ce?"

"Wani ne a tasha."

"A tasha." Ya girgiza kai. "Tun kakana muke fito da gawa a ruwan nan. Da ka zo da ganyenka a ɗaure, da mun sauke kowa mun yi mata sawu nata ita kaɗai, a kira sunan mamaci a bakin ruwa, a haye da shi cikin mutunci. Ita ke fara hayewa, kowa ya jira. Kai kuma ka cusa dattijo cikin buhuna ka shigo da shi kamar kayan sata."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya juya wajen Mama, ya sassauta murya, ya ce uwa, kira shi, gaya masa inda yake. Tana kwance a kan akwatin ta ɗago kai ta kira sunansa na yanka, wanda ban taɓa jin ta faɗa ba duk zamanmu, sau uku, ta yi masa magana da yarensu tana kuka. Jirgin duka ana saurarenta.

Ni dattijon ikkilisiya ne yau, ba zan ce muku kogi yana da kunne ba. Tsohon da kansa ya ce in ni direba ne in sauka in taimaki mai injin, na kuwa rarrafa na sauka ina kallon ruwa yana wucewa tsakanin jiragen biyu. Datti ne ya toshe matatar mai, ba wani abu ba. Muka kwance, na busa da bakina, na zuƙo man har ya cika mini maƙogwaro, muka mayar, aka ja sau huɗu ya tashi. Wannan shi ne abin da hannuna ya taɓa. Amma duk wanda ke jirgin nan ya ga cewa sai bayan ta kira sunan ne injin ya amsa, ni ma na gani, kuma ban da bakin yin gardama. Ruwa ya riga ya kai mu nesa, muka ɗauki fiye da awa guda muna hawowa a hankali ta gefen gaɓa kafin mu isa mashigar da ke wancan ƙetaren. Ba wanda ya yi mini magana. Matan da suka ce a jefa akwatin su ne yanzu suke yi wa Mama fifita da ɗankwalinsu.

Da muka sauka na ciro tohon kwakwan daga ƙarƙashin kujera, duk ya yamutse, na nufi gaban mota zan mayar. Mama ta miƙo hannu ta karɓe shi. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi.

"Shekara talatin da ɗaya yana Kafanchan, ko yaro bai taɓa kiran shi da sunan banza ba. Kai da ya koya maka aiki, kai ka ce shi citta."

"Mama, tsoro na ji kada su mai da mu. Don shi na yi."

"Da ka tambaye ni. Ni matarsa ne, ina zaune kusa da kai tun safe."

Na durƙusa a cikin taɓo na kama ƙafarta, na ce ta yi mini duk abin da ta ga dama amma ta bar ni in ƙarasa, saura rabin hanya, na yi masa alkawarin ƙofar babansa. Chinedu ma, da bakinsa a kumbure, ya sa baki ya ce Mama a yi haƙuri, rana tana yi. Ta ce masa ya je ya nemo wata mota. Akwai wata tsohuwar bas a wurin da ta kawo 'yan kasuwa daga Otukpo, direbanta ya yarda. Masu fiton nan da kansu, har da tsohon, suka sauke akwatin daga motata, suka cire kujerun baya na bas ɗin suka shigar da shi. Na kai hannu zan kama gefe ɗaya, ta ce kada in taɓa. Ita da kanta ta ɗaure ganyen a gaban bas, ta gyara shi da yatsunta har ya miƙe.

Na ce to zan bi su a baya, ko ba komai in ga an sa shi a ƙasa.

"Ka tsaya nan, Bulus. Ka koma da cittarka."

Bas ɗin ta tashi tana hayaƙi, ta hau tudu, ta sha kwana. Na tsaya a bakin ruwa da buhu shida a warwatse, ga kogin da dole in sake hayewa kafin in ga gida. Sunan ƙauyensu na sani, Chinedu ya sha rubuto mini in zo, ya ce uwarsa ba za ta hana ba. Ban je ba, don ban san da wace fuska zan tsaya a ƙofar da aka ce in kai shi ba. Mutumin da ya ɓoye uwarku kwana tara a ɗakinsa, har yau ban san inda kabarinsa yake ba.